Nauyi a Madadin Gudu: Neman Harsashi Mai Araha don Bindiga Mai Salansa

Duk lokacin da aka harba doguwar bindiga, ƙara biyu ce take tashi a tare, ko da yake kunne yana ɗaukarta a matsayin ɗaya. Ta farko ita ce ta iskar albarushi da take ɓarkewa daga bakin bindiga da matsi mai tsanani bayan harsashi ya fita. Ta biyu kuwa harsashin ne da kansa yake haddasa ta, domin idan gudunsa ya zarce na sauti, keta iska yake yi yana barin wata tsawa mai kaifi a bayansa tun daga bakin bindiga har inda zai sauka. Salansar da ake ɗaura wa bindiga, wadda bututu ce mai ɗakuna-ɗakuna da suke tare iskar su bar ta ta huce kafin ta fita, ta farkon kaɗai take iya magancewa. Ta biyun ba ta da magani sai a rage gudun harsashi ya koma ƙasa da na sauti, kuma daga wannan sharaɗi guda ɗaya ne duk sauran matsalolin suka samo asali, har da ta kuɗi.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya idan zafin iska yana kan digiri 20, amma adadin ba a tsaye yake ba: yana raguwa da kusan mita 0.6 a kan kowane digiri da sanyi ya ƙaru, ta yadda a ranar da ruwa yake daskarewa ba ya wuce mita 331. Saboda haka harsashin da ya fita shiru da rani a Texas yana iya yin tsawa da hunturu a Finlan, alhali ba a canza komai a cikinsa ba. Wannan ne ya sa masu haɗa irin wannan harsashi suke barin tazara, suna neman gudun da bai wuce mita 320 a sakan ba, wato abin da Amurkawa suke lissafawa da ƙafa 1,050. Za mu riƙe wannan adadi a duk lissafin da zai biyo baya.

Harka ce ta ƙasashen da dokarsu ta amince wa farar hula su mallaki salansa. A Finlan da Norwe da Niyu Zilan abu ne gama-gari a hannun maharba, a Birtaniya ma masu farautar barewa da yawa ba sa fita ba tare da ita ba, a Amurka kuma fiye da jihohi 40 sun halatta ta. Hiram Percy Maxim ne ya yi wa ƙirarsa rajista a 1909, shi ne kuma ɗan Hiram Stevens Maxim, wanda bindigarsa mai sarrafa kanta tana cikin makaman da sojojin Ingila suka zo da su Kano da Sakkwato a 1903, wanda kuma ƙarar bindigoginsa ta kurmantar da shi a ƙarshen rayuwarsa. A 1934 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin dala 200 a kan kowace salansa, kuɗin da a wancan zamani ya ninka farashinta sau da yawa, kuma sai wata doka ta 2025 ce ta mayar da harajin sifili daga farkon 2026, ko da yake rajista tana nan. A Najeriya maganar ba ta taso ba, domin dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu faɗin baki irin su milimita 7.62 cikin haramtattun makamai, ba ta kuma bar wa kowa damar haɗa harsashi a gida ba. Abin da yake jawo maharban waɗancan ƙasashe ga salansa shi ne kunnensu da na karnukansu da kuma zaman lafiya da maƙwabta: ƙarar doguwar bindiga tana haura desibel 160, alhali daga 140 ƙara ɗaya tak tana iya yi wa ji illa, salansa kuma tana rage tsakanin 20 zuwa 35 ne kawai. Shirun da ake nunawa a fina-finai babu shi.

Ƙarfin da harsashi yake ɗauke da shi ya dogara ne a kan abu biyu, nauyinsa da gudunsa, amma ba daidai suke ba. Idan aka ninka nauyi sau biyu ƙarfin yana ninkuwa sau biyu, idan kuwa gudu aka ninka sau biyu ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa tun da aka samu albarushin zamani a ƙarshen ƙarni na 19 maƙeran bindiga suka karkata ga ƙaramin harsashi mai tsananin gudu. Wanda ya zaɓi ya tsaya ƙasa da gudun sauti ya rufe wa kansa wannan ƙofa, bai kuma rage da komai ba sai nauyi. Ana auna kan harsashi, wato ɓangaren da yake fita daga bindiga, da giren, wanda kowane ɗaya bai kai kashi 7 cikin 100 na giram ba. Harsashin .308 Winchester (lambar faɗin kansa ce a ma'aunin inci) na farauta mai giren 150, da yake fita da gudun kusan mita 860 a sakan, yana ɗauke da kimanin jul 3,600, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfi. Kai mai giren 110 da aka rage wa gudu zuwa 320 bai wuce jul 365 ba, idan kuma aka kai nauyin giren 220, wato giram 14 da ɗoriya, sai a samu jul 730. Wato ko da an ɗauki mafi nauyin abin da aka saba samu a wannan faɗi, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na ƙarfin harsashin farauta na yau da kullum, kusan ajin babbar bindigar hannu. Duk wanda bai amince da wannan gaskiya tun farko ba zai ɗora wa harsashin aikin da ya fi ƙarfinsa.

An ƙirƙiri harsasai musamman domin wannan aiki. Tarayyar Sobiyet ta yi 9×39 a shekarun 1980, a Amurka kuma J.D. Jones ya fito da .300 Whisper a farkon shekarun 1990, wanda daga baya kamfanin Advanced Armament ya daidaita irinsa da sunan .300 Blackout, aka kuma amince da shi a matsayin ma'aunin masana'anta a 2011. Dabarar ita ce ƙaramin kwanso da babban kai: kwanson ba ya buƙatar ɗaukar albarushi mai yawa, kan kuma yana da tsawo da nauyi. .300 Blackout ne ya fi yaɗuwa a yau, a kansa ne kuma mafi yawan ƙorafin tsada yake. Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Kawuna masu giren 200 zuwa 240 a faɗin .30 ba domin harbin shiru aka fara yin su ba, an yi su ne domin gasar harbin nesa da manyan bindigogi, irin Sierra MatchKing mai giren 220, inda ake biyan kuɗin daidaiton da zai kai harsashi mita 1,000 ba tare da ya kauce ba. Mai harbin faranti a mita 50 da ya sayi irinsu yana biyan kuɗin abin da ba zai taɓa amfana da shi ba. Ga shi kuma ƙarfen da yake cikin kai mai giren 220 ya ninka na mai 55 sau huɗu, kuma ko a wurin aikowa ta gidan waya nauyi ake caja.

Sai dai kafin a yi maganar farashi akwai tambayar da ta riga ta, wadda sababbin shiga suka fi tsallakewa, ita ce ko bututun bindigar zai iya riƙe wannan kai ya tafi a miƙe. A cikin bututu akwai zane a murɗe wanda yake sa harsashi ya fita yana juyawa, juyawar nan kuma ita take hana shi kifewa a iska, kamar yadda katantanwar da yara suke murzawa take tsayuwa a kan tsininta muddin tana juyi, da zarar juyin ya yi rauni sai ta fara tangaɗi. Ana bayyana murɗin da tsawon incin da harsashi yake tafiya kafin ya kammala juyi ɗaya, saboda haka 1:8 ya fi 1:12 tsanani. Tun 1879 masanin lissafi Alfred George Greenhill ya fitar da ƙa'idar da take nuna cewa tsawon harsashi, ba nauyinsa kai tsaye ba, shi ne yake ƙayyade murɗin da yake buƙata, ƙa'idar Don Miller da aka fi amfani da ita yanzu ma tsawo ne ya fi tasiri a cikinta. Nauyi yana shigowa ne ta bayan gida, domin idan faɗi bai canza ba, ba yadda za a ƙara nauyi sai an ƙara tsawo. A gudun mita 320, bututu mai murɗin 1:12 yana ba harsashi juyi kusan 63,000 a minti ɗaya, mai 1:8 yana ba shi kusan 94,500, mai 1:7 kuma 108,000. Shi ya sa bindigogin .300 Blackout suke zuwa da 1:8 ko 1:7, wasu gajeru ma da 1:5, alhali tsofaffin bindigogin .308 da yawa 1:12 gare su ko 1:10.

A nan ne ake samun araha ta farko, kuma ita ce wadda ba ta da wata illa a ɓoye. Kai mai tsini da siririyar gindi irin na gasa, mai giren 220, yana kai tsawon kusan milimita 38, amma mai dunƙulallen baki da shafaffen gindi na wannan nauyin ya gaza shi da kusan rabin santimita, don haka ya fi sauƙin tsayuwa. Tsinin da siririyar gindin an yi su ne domin yanka iska a gudun da ya ninka na sauti. A ƙasa da gudun sauti, a tazarar mita 100, bambancin da suke kawowa kaɗan ne ƙwarai. Mai .308 da murɗinsa yake 1:12 galibi ya fi dacewa da gajerun kawuna masu dunƙulallen baki na giren 170 ko 180, maimakon ya nace sai ya kai 220. Kamfanin Lapua na Finlan ma kan da ya ƙera musamman domin wannan gudu giren 200 ne, an kuma tsara siffarsa ne domin ya tsaya a hankali ba domin ya yi kyau a talla ba.

Yadda ake tabbatarwa kuwa ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Maharbi yana kwance salansa ya ajiye gefe, ya kafa farin kwali a mita 25, sannan a 50, sannan a 100, ya yi harbi kaɗan a kowanne, ya je ya duba ramukan da idonsa. Idan ramin zagayayye ne tsaf mai baƙin zobe a gefensa, harsashin ya iso da kai. Idan ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai, yana tangaɗi ke nan, idan kuwa ya bar siffar gefensa gaba ɗaya a jikin kwalin, to kifewa ya yi a hanya. Dalilin cire salansar shi ne ramin da harsashi yake bi ta tsakiyar farantan da suke raba ɗakunanta bai fi faɗinsa da wani abin kirki ba, kuma kai mai tangaɗi yana iya dukan farantin ko murfin gaba ya lalata kayan da kuɗinsa ya kai ɗaruruwan daloli, wanda a Amurka sai an sake bin takardun hukuma kafin a samu madadinsa. Ya kamata a yi gwajin a irin sanyin da za a yi farauta a ciki, domin iska mai sanyi ta fi kauri, kan da yake tsayuwa da ƙyar da rani kuma yana iya kasawa da hunturu.

Idan aka wuce wannan, kasuwar kawuna masu sauƙin kuɗi ta kasu gida-gida. Akwai rarar masana'anta, wato kawunan da suka samu ɗan tabo ko canjin launi aka ware su ana sayarwa da rahusa, da kuma waɗanda aka zare daga tsofaffin harsasai. Waɗannan ba su da laifi ga harbin kwali, illa dai ba kullum ake samunsu ba, kuma nauyinsu yakan bambanta kaɗan tsakanin wannan da wancan. Akwai masu shafen jan ƙarfe, irin waɗanda kamfanin Berry's yake yi, inda ake ɗaukar dalma a lulluɓe ta da siririn jan ƙarfe ta hanyar lantarki maimakon a sa ta cikin riga mai kauri. Rauninsu shi ne ba sa jure gudu mai tsanani, wanda a nan ba matsala ba ce ko kaɗan, shi ya sa a ganina su ne zaɓin da ya fi dacewa da mafi yawan masu atisaye: dalmar a rufe take, farashin kuma yakan kasance kusan rabin na kan gasa.

Mafi araha duka ita ce dalmar da aka zuba a mazubi, ko mutum ya saya a zube ko ya zuba da kansa, tunda dalma tana narkewa a digiri 327 kawai. A wannan gudu ba ta da wani naƙasu ta fuskar tafiya, domin kakannin waɗannan maharba da ita suka yi ta harbi a ƙarni na 19. Matsalarta da salansa ce. Dalma tsirara da man da ake cusawa a tsagoginta suna barin datti da yake taruwa a jikin farantai, yana ƙara wa salansa nauyi yana rage mata ɗaki, wadda aka yi wa walda ba a iya buɗewa kuma babu hanyar kankare ta da kyau, shi ya sa masu ƙera salansa da dama suke hana amfani da ita. Haka nan ɗan murfin jan ƙarfen da ake manna wa gindin wasu kawunan dalma yana iya ɓallewa a cikin salansa. Abin da ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan shi ne fentin roba: ana birkita kawunan cikin garin fenti, a gasa su a tanda na kimanin minti 20 a zafin digiri 200, su fito da busasshiyar riga mai santsi wadda take raba dalma da bututu ba tare da mai ba. Dattin yana raguwa sosai, ko da yake ba ya ɓacewa. Amma a bindiga mai loda kanta, wadda take zuƙar iska ta wani ƙaramin rami a jikin bututu, kai mai faffaɗan baki yakan ƙi shiga ɗakinsa da kyau, don haka dalmar ta fi zama lafiya a bindigar da ake lodawa da hannu.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a rasit. Mai narka dalma a gareji yana mu'amala ne da guba, kuma wanda ya san abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ƙurar da take maƙale a hannu da tufafi ita ce babbar hanyar shigarta jiki, tandar da aka gasa fenti a ciki ba ta sake ganin abinci, dattin da ake wankewa daga salansa kuma shi kansa dalma ne.

Duk abin da ya gabata maganar harbin kwali da faranti ce. Da zarar an ce farauta, tambayar ta canza gaba ɗaya, a nan ne kuma karin maganar nan ta araha ba ta ado take da muhalli. Harsashin farauta na yau da kullum yana kashewa da sauri ne saboda bakinsa yana buɗewa ya faɗaɗa a cikin jikin dabba, ga kuma girgizar da tsananin gudu yake yi wa naman da yake kewaye da hanyarsa. Mafi yawansu an tsara su ne su buɗe idan sun isa da gudun kusan mita 550 a sakan ko fiye. A mita 300 a sakan ba sa buɗewa ko kaɗan, girgizar ma babu ita, abin da ya rage shi ne siririn rami mai faɗin milimita 7.8 wanda fata da kitse suke iya rufewa. Dabbar tana iya yin gudu mai nisa ba tare da ta bar jinin da za a bi ba, ta je ta mutu a kurmi bayan kwana ɗaya ko biyu. Wasu suna dogaro da cewa dogon kan gasa yana kifewa a cikin nama ya yi ɓarna, kuma gaskiya ne wani lokaci yana yin haka, amma ba wanda zai iya cewa a wane zurfi zai kife ko ta wane ɓangare zai bi, abin da kuma yake faruwa wani lokaci kawai ba a gina farauta a kansa.

Saboda haka aka ƙera kawunan da suke buɗewa a ƙaramin gudu. Hornady yana da Sub-X mai giren 190, mai tsagaggiyar riga da toshin roba a baki, wanda kamfanin ya ce yana buɗewa har a gudun ƙafa 900 a sakan, wato kusan mita 275. Lehigh Defense kuma da wasu ƙananan kamfanoni suna sassaƙa nasu daga jan ƙarfe zalla, da tsagogi masu zurfi da suke buɗewa su zama fiffike uku ko huɗu masu kaifi. Waɗannan na ƙarshe kowane ɗaya yakan kai dala ɗaya ko ya wuce, ninki uku ko huɗu na mai shafen jan ƙarfe. A nan ne nake ganin mutane suke rikita lissafi, domin suna kwatanta farashin kai ɗaya da kai ɗaya, alhali yawan da ake harbawa ba ɗaya ba ne. Mai atisaye yana iya ƙona ɗaruruwa a wata guda, amma maharbi a kakar farauta ɗaya ba ya harba wa dabba fiye da 'yan ƙalilan, ko da an haɗa da waɗanda ya daidaita saiti da su kwalin harsashi ɗaya yana iya kai shi shekara. Tsimin da ake yi a kan kan farauta bai kai kuɗin man zuwa daji ba, wanda ake yi a kan na atisaye kuwa shi ne yake taruwa ya zama kuɗi. Hanyar da ta fi hankali ita ce a riƙe iri biyu masu kusan nauyi ɗaya, a kuma san cewa ba lallai su sauka a wuri ɗaya ba, don haka da na farautar ake yin saitin ƙarshe.

Akwai wata hanya ta biyu wadda ta fi tsufa, ita ce kuma a ra'ayina amsar gaskiya ga mai son farauta da kai mai araha: a ƙara faɗin bututu. Kai mai faɗin .458, wato milimita 11.6, fuskarsa ta ninka ta .30 fiye da sau biyu tun kafin ya buɗe, idan kuma bakinsa shafaffe ne yanka nama yake yi ya bar rami buɗe maimakon ya ratsa ya wuce. Harsashin .45-70, wanda sojojin Amurka suka ɗauka a 1873 da kan dalma mai giren 405, yana ba da kusan jul 1,340 a gudun mita 320, kai mai giren 500 a .458 SOCOM kuma yana kaiwa kusan jul 1,660. Irin waɗannan kawuna gajeru ne idan aka gwada tsawonsu da faɗinsu, don haka murɗi mai sassauci ya ishe su, dalma mai fenti kuma tana yin aikin ba tare da wata dabara ta musamman ba. Abin da ake biya a madadin haka shi ne babbar salansa mai nauyi, da ƙarar da ta ɗan fi, tunda ramin da iska take fita ya fi faɗi. Masu 8.6 Blackout, wanda kamfanin Q ya fito da shi, sun bi akasin wannan tunani: murɗin 1:3, wanda yake ba harsashi juyi kusan 250,000 a minti ko a wannan ƙaramin gudu. Irin wannan juyi yana iya yaga siririyar riga ko shafen jan ƙarfe, don haka wanda ya zaɓe shi ya zaɓi kawuna masu tsada tun daga ranar farko.

Doka ma tana da ta cewa, kuma a wasu wurare ta rufe maganar tun kafin a fara. A Ingila da Wales dokar barewa ta 1991 ta ƙayyade cewa harsashin manyan barewa kada ƙarfinsa ya gaza jul 2,305 a bakin bindiga, a Sikotlan kuma akwai sharaɗin gudun da bai gaza ƙafa 2,450 a sakan ba. Wato maharbin Birtaniya yana ɗaura salansa a kan harsashi mai cikakken gudu ne, yana kare kunnensa yana barin tsawar, harbin ƙasa da gudun sauti kuma ya bar wa zomaye da ƙaramar .22. Inda harkar ta fi ƙarfi shi ne kudancin Amurka, a kan aladun daji, waɗanda ma'aikatar noma ta ƙasar take ƙiyasta sun haura miliyan 6 suna kuma ɓarnata gonaki. A Texas tun 2019 ba a buƙatar lasisin farauta domin harbinsu a fili mai zaman kansa da izinin mai shi, galibi kuma da dare ake yi a kusa da wurin da aka zuba musu masara, a tazarar da ba ta wuce mita 50 zuwa 70 ba. Babban namiji yana da kaurin fata mai tauri a kafaɗa, kan da ya buɗe da wuri kuma yana iya tsayawa a nan, don haka buɗewa da ratsawa sai an auna su tare.

Gajeriyar tazarar nan ba zaɓi ba ce, tilas ce. Harsashi mai gudun mita 320 yana ɗaukar kusan sulusin sakan kafin ya kai mita 100, a wannan lokaci kuma ya faɗo kusan rabin mita daga layin bututu, alhali mai gudun 860 kusan santimita 7 kawai ya faɗo. A mita 200 faɗuwar ta kai kusan mita 2. Kuskuren mita 10 ko 15 wajen ƙiyasta nisa ya isa ya mayar da harbin huhu ya zama na ƙafa, haka ma bambancin gudu tsakanin harsashi da harsashi, wanda a cikakken gudu ba a damu da shi ba, a nan yana bayyana a matsayin ramuka da suka jeru daga sama zuwa ƙasa. Kawuna masu araha da nauyinsu ko faɗinsu bai daidaita ba suna ƙara wannan bambanci, shi ya sa masu zuba dalma suke auna su ɗaya bayan ɗaya su ware waɗanda suka kauce.

Haɗura biyu kuma sun keɓanta da wannan harka. Kai mai nauyi da yake tafiya a hankali ba ya tarwatsewa idan ya daki ƙasa mai tauri ko dutse ko ruwa, zillewa yake yi ya ci gaba da kusan duk nauyinsa, don haka rashin ƙara ba ya nufin ba a buƙatar tudu a bayan abin da ake harbi. Na biyu shi ne maƙalewa: idan aka rage gudu fiye da kima, musamman da kai mai riga a dogon bututu, yana iya tsayawa a ciki, harbin da ya biyo baya kuma ya fasa bindigar a hannun mai ita. Wannan ne ya sa ba a ƙirƙirar ma'aunin albarushi da ka, ana bin abin da kamfanonin albarushi irin Hodgdon da Vihtavuori suka gwada suka wallafa ne, a kuma auna gudun da na'ura.

Abin da zai fi sauya farashi a shekaru masu zuwa shi ne dokar dalma. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata tun watan Yuli na 2019, Denmak ta yi haka ga harsashin doguwar bindiga a 2024, ana kuma tattauna irin wannan mataki a sauran ƙasashen Turai, saboda ungulaye da gaggafa da suke cin ragowar gawa da kuma mutanen da suke cin naman. Ga mai harbi da cikakken gudu sauyin bai da wuya, yana ɗaukar kan jan ƙarfe da ya ɗan fi sauƙin nauyi ya rama da gudu. Wanda ya tsaya ƙasa da gudun sauti ba shi da wannan mafita. Dunƙulen dalma mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana da nauyin giram 11.3, na jan ƙarfe kuwa bai kai 9 ba, don haka kan jan ƙarfe mai nauyi ɗaya da na dalma dole ya fi shi tsawo sosai, ga kuma ramin da aka fafe a bakinsa domin ya buɗe yana ƙara tsawon. Dogon kai yana cinye wurin albarushi a cikin kwanso, yana kuma buƙatar murɗi mai tsanani, ta yadda mai tsohuwar .308 ta 1:12 a irin waɗannan wurare zai tarar cewa kuɗin sabon bututu ya shiga cikin lissafin farashin harsashinsa.